Gaba Uku na Igiyar Baba

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar watan Agusta, shekarar da na gama aji biyar na firamare, Baba ya sauka daga kan acaɓa a ƙofar gidan Kaka da naɗin sabuwar igiya rataye a kafaɗarsa. Shuɗiya ce mai sheƙi, ta nailan, tana warin sabuwar roba, ya kuma haɗo da guntun tiyon ban ruwa daga kasuwar Potiskum. Hannunsa na dama naɗe yake da bandeji, domin kwana huɗu kafin nan adda ta kufce masa a gona ta tsaga shi tsakanin babban yatsa da manuniya. Tun safe hadari ya haɗu a gabas ya tsaya cak, bai zubo ba, bai kuma watse ba. Iska ba ta motsi. Kaji sun shige ƙarƙashin rumbu tun rana ba ta yi sanyi ba. Kaka tana zaune a bakin ɗakinta tana tsince wake a faifai, ta ɗaga kai ta dubi sama ta daɗe, sannan ta ce da Hausarta mai gauraye da Ngizimanci, "Ruwan bana bai iso ba tukuna. Wannan da kuke gani gaisuwa ce kawai ya aiko."

Gidanmu a unguwar Yerimaram yake, cikin garin Potiskum, amma duk dogon hutu Baba yakan kwashe mu, ni da ƙanena Usman mai shekara shida, ya kai mu ƙauyen Kaka da ke gaba da Mamudo, inda gonarmu take. Inna takan zauna a gari da jinjiri da sana'arta ta awara. A ƙauye ni ce mai ɗebo ruwa, ni ce mai kai wa awaki ciyawa, ni ce mai ɗaure tuwon safe a ƙwarya in kai gona. Gonar tana ƙetaren wani rafi, gero da wake da ɗan layin gyaɗa. Da rani rafin yashi ne zalla, mukan tona rami da hannu mu jira ruwa ya tsattsafo, mu yi 'yar carafke a gindin wata tsamiya da ke bakinsa. Da damina kuwa sai ya zama wani abu dabam, jajir, mai gurnani, wanda Kaka ba ta yarda a ambaci sunansa ana dariya ba.

Abin da muke ƙetare shi da shi ya sa duk ƙauyen suka san mu. Wani ɗan kwalekwale ne na roba, ruwan ɗorawa, siriri mai tsini gaba da baya, da rami guda a tsakiya inda mutum zai zura ƙafafunsa ya zauna. Kawu Adamu, yayan Inna, wanda ke bin manyan motocin shanu zuwa kudu, shi ya taho da shi a wata dawowa da motar ba kaya, ya ce a wani wurin kiwon kifi ya tarar an yar da shi. A kowane tsini akwai mariƙi, wato 'yar igiya da aka zura cikin hannun roba, da shi ake ɗaukarsa mutum biyu. A mariƙin gaba ake ɗaura doguwar igiyar ja. Baba yakan riƙe ɗaya bakin ya ratsa ruwan da ƙafa, in ya hau tudu sai ya janyo mu, ni a zaune, Usman a cinyata, ƙwaryar tuwo a cinyarsa. Yaran ƙauye sukan jeru a bakin rafi suna kallonmu kamar masu jirgin sama.

Amma zafin ranar Potiskum ba ya barin roba ta tsufa da mutunci. Washegari Baba ya kira ni gindin tsamiya ya nuna mini. Hannun mariƙin gaba ya tsage gida biyu, na baya ya riga ya fita, igiyar ja kuwa ta koɗe ta yi fari-fari. Ya murza ta da yatsun hagu, sai ga gari yana zuba kamar dussa. "Kin gani?" ya ce. "Daga waje igiya ce, ciki babu komai." Ya dubi hannunsa mai bandeji, ya dube ni. "Maimuna, ba zan iya ƙulli da wannan hannun ba. Ke za ki yi. Ni baki ne nawa." Haka na zauna a kan yashi mai laima na yi aikin gaba ɗaya, yana tsugune yana faɗa mini. Na yanke tsofaffin mariƙan da wuƙa, na zaƙulo guntayen da suka maƙale a hudar da ƙusa. Na yanka tiyo gida biyu, kowanne tsawon tafin hannun Baba, na zura sabuwar igiya a ciki, na bi da ita ta hudar kwalekwalen sau biyu. Ya nuna mini yadda ake ƙyasta ashana a ƙona bakin igiya ya narke ya dunƙule don kada ya warware, ya kuma sa na yi ƙulli ɗaya har sau shida, ina yi yana cewa in kwance. Da na gama mariƙan ya sa na rataya kwalekwalen a reshe da na gaba, na ɗafe jikinsa ina lilo. Bai ko yi ƙara ba. Baba ya yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce ragowar igiyar gaba ashirin ce cif, daidai faɗin rafin in ya cika, in ɗaura ta a mariƙin gaba in naɗe, shi zai je a wanke masa ciwo.

Ya tafi ya bar ni da igiyar a cinya. Ina jin kunyar faɗin abin da ya biyo baya har yau, saboda ƙanƙantarsa. A makarantarmu a lokacin tsallen igiya ake yayi. Wata yarinya a ajinmu, Hadiza, tana da igiya ta kanti mai hannun katako, ita ke zaɓar wadda za ta shiga wasa da wadda za ta tsaya kallo, kuma ni kullum cikin 'yan kallo nake. Tawa ta rama ce, tana kartar ƙafa, tana tsinkewa, ana yi mini dariya. Na shafa wannan shuɗiyar mai santsi da nauyi, na ji yadda za ta riƙa dukan ƙasa tas-tas a filin makaranta. Ban yi dogon tunani ba. Na ware hannuwana na auna gaba uku, na sa wuƙa. Sai da guntun ya faɗo a kan yashi sannan maganar Baba ta dawo mini, gaba ashirin cif. Na ɗauko tsohuwar igiyar, na bi ta da yatsa har na sami inda ya fi kama da mai ƙwari, na yanko gaba uku na ƙulla da sabuwar, na ɗaura tsohon ɓangaren a mariƙi, tunda Baba kullum ɗaya bakin yake riƙewa, ni ce mai kula da na kwalekwale. Na ɗebi taɓo na shafe wurin har launin ya ɓace. Guntun da na sata na cusa shi cikin wata fasasshiyar tukunya a bayan rumbu.

Kwana tara muka yi muna ƙetarawa da wannan igiya, kuma ban taɓa yin kwana tara masu tsawonsu ba. Ko tsalle ɗaya ban yi da abin da na sata ba, ko leƙa tukunyar ba na iya yi. Duk safiya in Baba ya hau tudu ya naɗe igiya a damtsensa ya fara ja da baya, idona yana kan ƙullin nan. In ya nutse cikin ruwa sai in ƙura wa wurin ido, in ya taso yana ɗiga sai in ƙirga zarurrukan da suka miƙe a jikinsa kamar gashin mage. Ranar farko biyu ne. Ranar ta biyar na kasa ƙirgawa. Usman kuwa yana cinyata yana waƙa, yana tsoma hannu a ruwa, ƙeyarsa tana ƙamshin sabulun salo. Ruwan ma kullum ƙaruwa yake. Saiwar tsamiyar da muke zama a kai ta nutse, sannan dutsen da mata ke wanki. Wata rana muka ga mushen akuya ya wuce, cikinsa a kumbure, ƙafafu a sama. Wata rana jinkar ɗaki ce sukutum tana juyawa a hankali, ba wanda ya san daga wane gari ta taso. Mutane suka tsaya suna kallonta har ta sha kwana.

Sau biyu na buɗe baki zan faɗa. Na farko muna cin tuwo a gona, na ce "Baba," ya ɗago, sai na ga bandejin ya yi jirwayen jini saboda riƙon fartanya, na ce gishiri ne bai ji ba a miya. Na biyu Kaka ce ta tare ni a bakin murhu. Ita ba ta bambanta mace da namiji in tana Hausa, kowa "kai" ne a wurinta. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske ta ce, "Kai Maimuna, me ka haɗiye ne da ya hana ka cin abinci?" Na ce cikina ke ciwo. Ta jiƙa mini sassaƙe mai ɗaci na shanye tas, har na ji kamar na cancanci ɗacin. Baba ba mai duka ba ne, ba dukan nake tsoro ba. Murmushin nan da ya yi a gindin tsamiya nake tsoron ya karɓe.

Ranar ta tara da safe ruwan iya ƙirjin Baba yake, muka ƙetara lafiya. Yini guda ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, amma can arewa sama ta yi baƙi ƙirin, muna jin tsawa ƙasa-ƙasa kamar ana mirgina turmi. Bayan la'asar muka nufo gida. Tun kafin mu ga rafin muka ji shi. Ya haura har cikin ciyawar da muka taka da safe, ya yi kauri, yana tafe da kumfa da karare da rassan itace. Baba ya daɗe a tsaye. Ya dubi arewa, ya dubi ƙauye da ke ƙetare, hayaƙin girki yana tashi. Ya ce in muka jira ƙaruwa zai yi, kuma ba wurin fakewa a gona. "Yau ɗaya-ɗaya za ku shiga, nauyi ya yi yawa. Usman zai fara, in dawo in ɗauke ki." Ya tuɓe rigarsa ya ɗaura a ka, ya ɗaura bakin igiya a ƙugu.

Na dubi Usman, yana ta ƙoƙarin hawa da kansa don murna. Maganar tana bakina, na rantse tana bakina, amma abin da ya fito shi ne, "Baba, ni zan fara." Ya ce me ya sa. Na ce Usman zai ji tsoro, gara ya ga na wuce tukuna. Usman ya fashe da kuka yana cewa shi ba ya tsoro, na fizgo shi daga jikin kwalekwalen da ƙarfin da ya sa ya faɗi zaune. Baba ya dube ni wani irin kallo, amma ba lokacin tambaya, ya ce Usman ya koma can kan tudu ya zauna kada ya motsa. A tunanina na yarinya na yi abin kirki ke nan, na ɗauki hukuncin a kaina. Ban yi tunanin abin da zai sami uban da ke ɗaya bakin igiyar ba.

Ya shiga ruwan hannun dama a sama. Bai yi taku goma ba ƙafarsa ta bar ƙasa, ya yi iyo da hannu ɗaya, ruwan ya kai shi ƙasa da tsamiya sosai kafin ya kama ciyawa ya fita. Ya dawo daidai ni, ya kafa ƙafafu, ya ɗaga murya, "Bismillah, riƙe gefe da kyau!" Kwalekwalen ya bar ƙasa. Da muka kai tsakiya ruwan ya bugi gefensa ya juya shi, igiyar ta miƙe ta fito daga ruwa gaba ɗayanta tana rawa, taɓon da na shafa ya wanke, ga farin ɓangaren nan a fili kowa na iya gani. Na ga zare ɗaya ya balle, na biyu ya bi shi. Ba ta yi wata ƙara mai girma ba, ɗan tas ne kamar an karya kara. Na hango Baba ya faɗi da baya, sannan tsamiya ta fara gudu ta bar ni.

Abin da na fi tunawa shi ne shiru. Ina ganin bakin Baba a buɗe amma ba na jin komai sai ruwa. Kwalekwalen yana juyawa, in ga ƙauye, in ga gona, in ga ɗan ɗigon farar rigar Usman a kan tudu. Na ga Baba ya faɗa ruwan da hannu biyu, bandejin ya warware yana binsa a baya. Ruwa ya watso cikin ramin ya cika cinyata. Na ƙanƙame gefe ina karanta Fatiha, ina kaiwa tsakiya in manta in sake farawa. A inda rafin ya sha kwana akwai wata bishiyar giyayya da ta sunkuyo cikin ruwa, nan wani makiyayi, Malam Buba, ya tsaya da shanunsa yana jiran ruwa ya sauka. Ya ji ihun mutane, ya shiga har wuya, hannu ɗaya riƙe da reshe, ya miƙo sandarsa ya zura ta cikin mariƙin baya daidai lokacin da zan wuce. Ruwa yana ja, shi yana ja, na ji kwalekwalen yana nishi a ƙarƙashina. Mariƙin bai saki ba. Ya jawo ni cikin rassan, ya cafki wuyan rigata ya jefa ni kan tudu kamar ɗan maraƙi, yana faɗin wani abu da Fulatanci yana maimaitawa.

Baba ya fito can ƙasa da mu, ya tako yana tangaɗi, jini yana bin yatsunsa yana ɗiga. Ya shafa kaina da fuskata da kafaɗuna kamar yana ƙirga ni. Sannan ya juya ya kama guntun igiyar da ke lilo a mariƙin gaba. Ya murza ta. Ya bi ta har bakin da ya tsinke, ya dubi launinta, ya dubi irin ƙullin da ke jikin mariƙin, nasa ne, wanda ya koya mini sau shida. Na ce, "Baba, ni ce. Na yanki gaba uku." Ya ce da Malam Buba Allah ya saka da alheri, ya roƙi samari biyu masu iyo su je su ɗauko Usman, wanda aka ƙetaro da shi a kan babbar ƙwarya yana kuka har muryarsa ta dushe.

Ciwon hannun ya sha ruwan rafi ya rube. Muka koma gida gaba ɗaya, sati uku Baba ya yi yana zuwa asibiti a Potiskum, hannun ya kumbura har gwiwa, akwai ranar da na ji Inna tana kuka a bayan ɗaki ana maganar yankewa. Allah ya kiyaye ba a yanke ba, amma manuniyarsa ta sandare ba ta ƙara lanƙwasuwa ba, da ita ya yi sauran rayuwarsa. A duk kwanakin nan bai ce mini komai ba game da igiya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Guntun da na ɗauko daga tukunya kafin mu bar ƙauye na ajiye shi a bakin ɗakinsa, ya tsallake ya wuce.

Ranar da muka dawo ƙauye sai ga shi da wani sabon naɗi, irin na farko. Ya ajiye a gabana a gindin tsamiya, ya ajiye wuƙa da ashana, ya ce, "Gaba ashirin ce." Ya tafi can nesa ya zauna ya ba ni baya. Na ƙona bakin, na zura, na ƙulla, sai da na kwance na sake sau uku. Na je na durƙusa na ce na gama. Na ɗauka zai taso ya bi ta gaba-gaba da yatsa, ya ja ƙullin ya gwada. Ya tambaye ni, "Kin gama?" Na ce na gama, Baba. Sai ya ɗauki Usman ya zaunar da shi a cikin ramin shi kaɗai, ya ɗauki bakin igiyar ya shiga ruwa. Na tsaya a bakin rafin ina kallon ƙanena yana nisa a kan ƙullin da ba wanda ya duba sai ni. Lokacin da tsinin kwalekwalen ya taɓa wancan tudun sai na zauna a cikin taɓo na yi kukan da ban yi ba ranar da ruwa ya tafi da ni.

Yanzu an yi gada a wurin. Adaidaita ke kai mutane har bakin gonar, 'ya'yana sukan wuce ta kai suna danna waya, ko leƙa ruwan ba sa yi. Usman ya zama magidanci, abin da yake tunawa na ranar shi ne na ture shi ya faɗi, yakan ma tsokane ni da shi a gaban matarsa. Baba ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Na yi ta zama kusa da shi a jinyarsa ta ƙarshe, muka yi hirar gona da ta mutanen da suka shuɗe, sau da yawa na yi niyyar tambayarsa abin da ke ransa a wancan yammacin, da ya juya baya ya shiga ruwa ɗansa na zaune a kan aikin hannuna. Ko ya ji tsoro, ko ya tabbata, ko dai ya ga in bai yi haka ba ba zan sake yarda da kaina ba. Na yi ta cewa sai gobe. Ban tambaya ba, yanzu kuma babu wanda zan tambaya.